Mashtal ɗin da na sayi itacen loz a Ɗa'ifa: abin da na gani cikin shekara huɗu

Tun da na sa hoton tsakar gidanmu a waya, 'yan uwa na Makka da Jidda ke ta tambayata inda na samo itacen nan. Wata ƙawata ma ta ɗauka furen roba na ɗaura wa busasshen reshe, don babu ganye ko ɗaya a jikinsa. Loz ne, wato almond da Turanci, shi dai wanda ake sayar da ƙwayarsa a shagunan dabino kusa da fustuƙ da kaju. Haka Allah ya yi shi, fure ke riga ganye fitowa.

Sha'awar ta kama ni ne a ƙarshen Janairun 2020, da maigidana ya kai mu yankin Bani Malik, kudu da Ɗa'ifa. Gonakin da aka sassaƙa hawa-hawa a jikin duwatsu duk sun yi fari fat, kamar an shanya auduga, ga ƙudan zuma na ta kai-kawo. Nan ne gidan loz bajali, wanda ya samo sunansa daga ƙabilar Bajila, dangin Sahabi Jarir bin Abdullahi, Allah ya ƙara masa yarda. Muna dawowa na ce wa maigida ko guda ɗaya ne sai na dasa.

Da hunturu ya zagayo muka je wani ƙaramin mashtal, wato wurin sayar da dashen itatuwa, a bakin hanyar da ta yi kudu wajen Baha. Wurin ba shi da ƙyale-ƙyale. Rumfar koren raga ce, ƙasa duk caɓi, dashen rumman da inabi da ɓaure jere cikin baƙaƙen ledoji. Ina yi wa ɗana faɗa da Hausa kada ya taka tiyo, sai wani dattijo ya ɗago daga cikin shuke-shuken ya ce, "Sannunku da zuwa, Hajiya." Ashe mutumin Mai Wurno ne ta Sudan, can bakin Shuɗin Nilu, ya daɗe yana aiki a nan. Shi ne dalilin da ya sa nake yaba wurin, in an cire shi yabon nawa zai ragu sosai.

Bai fara da kuɗi ba. Cewa ya yi, "A ina za a dasa?" Na ce biyu nake so, ɗaya a gidanmu da ke hanyar Shafa, ɗaya in kai wa Inna a Makka. Ya girgiza kai. "'Yata, na Makka kam ba zan ba ki ba. Kuɗinki za ki zubar." Na ce, "Baba, ai za a riƙa ba shi ruwa." Ya ce ba ruwa ne matsalar ba, barci ne. Loz sai ya zubar da ganye ya kwanta cikin sanyi na gaske, sa'o'i ɗaruruwa cikin hunturu, kafin ya farka ya yi fure. Ɗa'ifa tana kan tudu mai tsayin wajen mita 1,800, Shafa ta haura 2,000. Makka kuwa cikin kwari take, ana kwana da fanka ko a Janairu. Itacen zai iya rayuwa ɗan lokaci a can, amma a wahale, ba fure ba 'ya'ya. Ya ce in Inna na son inuwa da ƙwayar fasawa, a ba ta loz hindi, mai faffaɗan ganyen nan da ke yin ja kafin ya faɗo, irin wanda ake gani a harabar makarantu a Najeriya. Ba danginsu ɗaya ba, suna ne kawai ya haɗa su, amma shi zafi ne abokinsa. A ransa ya yarda ya rasa ciniki, kuma ban taɓa ganin mai sayar da kaya ya yi mini haka ba a ƙasar nan.

Sannan ya ce ko a gidan namu guda ɗaya ba zai wadatar ba. Yawancin irin loz ba ya ɗaukar 'ya'ya da garin furensa shi kaɗai, sai da wani iri daban a kusa, ƙudan zuma su riƙa ɗauka daga wannan su kai wa wancan. Ya zaɓo mini biyu masu fure lokaci guda, ya durƙusa ya nuna mini wani ɗan kumburi a gindin kowanne. "Kin ga nan? Nan ne wurin auren. Kamar mangwaro mai aure. Wanda babu wannan, daga ƙwaya aka shuka shi, kuma ɗan ƙwaya ba ya da alkawari. Uwarsa mai zaƙi, shi ya fito da ɗaci." Mai aure riyal 60 na saya kowanne, na ƙwaya kuwa riyal 20 ne. Sanduna ne kawai a lokacin, ba ganye, har maigida ya tambaya ko da rai a jikinsu. Baba ya ce yanzu ne ma lokacin dashe, suna barci ba za su ji ciwon ƙaura ba.

Yadda ya ce a yi haka muka yi. Tazarar taku biyar manya tsakaninsu, rami mai faɗi, ruɓaɓɓen takin tumaki gauraye da ƙasar wurin, wurin auren kuma a bar shi sama da ƙasa kamar tafin hannu. Ya ja mini kunne sosai kan ruwa. Loz ya fi jure ƙishi a kan jiƙa, in ruwa ya kwanta a gindinsa saiwa ta ruɓe, ruwa mai gishiri kuma yana ƙona bakin ganyen. Don haka duk wayit ɗin da zai kawo mana ruwa, wato motar tankar ruwa, sai na ɗanɗana. Da zafi sau ɗaya a mako nake ba su, amma in cika kwarin gindin sosai. A shekara ta biyu darɓa ta nannaɗe sabon toho, na kira shi, ya ce ruwan sabulu ya isa, kuma ko me zai faru kada in yi feshin magani lokacin fure, in na kashe zuma na kashe 'ya'yan. Fure na farko mai yawa ya zo a 2023.

Yanzu ga inda raina ya ɓaci. Wata biyu bayan sayen farko na koma in ƙara na uku, don akwai wuri a bayan kicin. Baba ba ya nan. Wani saurayi ya ɗauko mini ɗaya, na tambaye shi mai aure ne, ya ce ƙwarai, ya karɓi riyal 60. A wurin nan babu takarda a jikin dashe, babu sunan iri, ba sa ba da rasit sai ka nace. Itacen ya girma, ya ma fi sauran kyau, furensa ya fi nasu ja. Da ya yi 'ya'ya bara, ɗana ya fasa ɗaya ya tauna, ya tofar yana kuka. Loz mai ɗaci ne. Wannan ba maganar ɗanɗano ba ce kawai. Ƙwayarsa tana da sinadarin da ke sakin gubar sayanayid a ciki, kaɗan ma na iya cutar da ƙaramin yaro. Daren nan ban runtsa ba, ina duba numfashinsa. Allah ya tsare, bai haɗiya ba.

Da na je wurin mai mashtal ɗin, cewa ya yi shekara uku sun wuce, kuma babu takarda. Ko haƙuri bai ba ni ba, wannan ya fi asarar kuɗin yi mini ciwo. Baba ne da ya ji ya ce, "Laifinmu ne, Hajiya. Kada ki sare shi." Ya sa muka kakkaɓe 'ya'yan duka muka zubar. Da sanyi ya kusa ƙarewa ya zo gidan wata Juma'a bayan la'asar da 'yar wuƙarsa, ya datse rassan, ya yanko tsirai daga itacena mai zaƙi ya aura masa, ya ɗaure da leda. Ya ce gindin mai ɗaci ma ya fi ƙarfi, da shi manoma ke yin aure tun da can. Sai da na haɗa shi da Allah kafin ya karɓi kuɗin mota.

Su biyun farko kuwa sun biya ni. A watan Afrilu muna tsinkar ɗanye, kore mai gashi-gashi, a ci da ɓawonsa da ɗan gishiri, yana da tsami mai daɗi. A nan ne muke rigima da gwaggon biri, don na duwatsun nan ba sa jin tsoron katanga, har raga muka sa. Abin da ya tsira sai ƙarshen bazara, in ɓawon waje ya tsage, a kakkaɓo a shanya. Bara mun samu cikin kwano biyu. Ba abin kai wa kasuwa ba ne, kuma wanda ke neman riba ya sani cewa mafi yawan loz ɗin duniya daga Kalifoniya ta Amurka yake fitowa, ba da tsakar gida za a yi gasa da su ba. Amma da Inna ta hawo wurinmu na jiƙa nawa na ɓare, na niƙa, na dama mata gahawar loz irin ta mutanen Makka, da madara da garin shinkafa, wadda take yi mana duk farkon Muharram tun muna yara. Ta sha kofi biyu.

Wanda gidansa ke Ɗa'ifa, Hada, Shafa ko Baha, ya je tsakanin Disamba da Janairu, da safe. Ya ɗauki iri biyu, ya durƙusa da kansa ya ga wurin auren, ya karɓi rasit da sunan irin a rubuce. Ni bana rumman nake so in ƙara, amma sai na kira na tabbatar Baba yana nan kafin in fita daga gida.