Hattara da mai tallan maikrokontirola "na musamman"

Masu harkar haɗa na'urorin lantarki, a yi hattara. Akwai wani mai talla a intanet da ke sayar da maikrokontirola (ƙaramar kwamfuta a guntun cif guda) da tsada, wai nasa zaɓaɓɓu ne, ƙafafunsu, wato filolin da siginal ke fita ta cikinsu, sun fi na kasuwa saurin tashi daga 0 zuwa 1 nesa ba kusa ba. Hujjarsa bidiyo ce: ya jona guda biyu a osiloskop, na'urar da ke nuna siffar siginal a allo, siginal ɗin ɗaya yana hawa a kishingiɗe, na ɗayan kuwa tsaye cak.

Ku tsayar da bidiyon, ku dubi ɗan makunnin da ke jikin furob ɗin, wato tsinken awon da ke haɗa osiloskop da ƙafar. Sa'ad da yake auna "na kasuwa" yana kan 1x, da ya zo kan nasa sai ya tura shi 10x. Damfarar ke nan.

A 1x, kapasitans (ƙarfin tara caji) ɗin igiyar furob da na mashigar osiloskop duk suna rataye a ƙafar, wajen fikofarad 100. A 10x yawanci bai wuce 10 zuwa 20 ba. Ita ƙafar tana da turjiyarta ta ciki, a ce om 50, kuma ta nan za ta cika wannan kapasitans kafin wutar ta hau. Lissafin lokacin hawa shi ne turjiya sau kapasitans sau 2.2: nanosakan 11 da fikofarad 100, ƙasa da 2 da fikofarad 15. Abin bai tsaya nan ba, domin saurin siginal da furob na gama-gari ke iya bi a 1x bai wuce megahaz 6 zuwa 10 ba, ko da an rubuta megahaz 100 a jikinsa. Wannan kaɗai zai nuna maka hawa na nanosakan 35 zuwa 60. Abu guda za ka auna sau biyu ka rantse biyu ne.

Shi ya sa masana'anta ba sa faɗin saurin ƙafa sai sun haɗa da nauyin da aka ɗora mata. Takardun maikrokontirola samfurin STM32, alal misali, suna kawo shi a fikofarad 50, 30 ko 10, kuma a irinsu ana iya rage saurin ƙafa daga manhaja, wata ƙofar ha'incin da ba za a gani a bidiyo ba sam.

Kafin ka tura masa kuɗi, ka ce ya sake awon da furob guda a 10x, da gajeriyar wayar ƙasa (wayar "ground" ta furob), da manhaja iri ɗaya, ya kuma nuna makunnin a fili. Ni da na nemi haka, sai ya goge tambayar ya toshe ni.