Kurosbo ko Kwamfawun: Wanne Zai Cika Maka Firiza?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tsakanin bakan kurosbo da na kwamfawun (wanda ake ja da hannu, mai ƴan tayoyi a baki biyu) da ka tambaya, don farautar barewa a nan jihar Ohayo ta Amurka, kurosbo za ka saya. Dukansu biyu na riƙe a hannuna, ga abin da na gani.

Kurosbo baka ne da aka ɗora a kan gindi irin na bindiga, yana da kunama da madubin saiti. Tun kafin ka hau bishiya ka ɗana shi, tsarkiyar ta zauna a maƙale tana jiranka. Wannan kaɗai ya raba gardama, domin barewar nan mai farin wutsiya motsi kaɗan take gani ta tsere, kuma babban motsin maharbi shi ne lokacin jan tsarkiya. Nawa Wicked Ridge ne, ƙaramin samfurin kamfanin TenPoint da ke garin Mogadore a nan jihar, ya zo da madubinsa da kwari da igiyar ɗanawa. A farkon Nuwamban bara, lokacin da mazan barewa ke bin mata suna yawo har da rana tsaka, ina zaune a bakin gonar waken suya ta wani manomi da ya ba ni izini, sanyi ya kama ni har yatsuna sun ƙage a cikin safar hannu. Wata babbar mace ta fito daga cikin itatuwa, ta tsaya ta ba ni gefe, tazarar bai fi yadi 25 ba. Ban miƙe ba, ban ja komai ba. Na ɗora saiti a bayan kafaɗarta, na yi bisimilla, na taɓa kunama. Kibiyar ta ratsa huhun biyu, ba ta yi nisa ba ta faɗi. Da muka feɗe muka cire ƙashi, nama ya kusa kilo 20. Uwargida ta yi dambu, muka yi farfesu, cinyoyin kuwa na yanka su falle-falle na yi kilishi, domin naman ba shi da kitse, kamar don kilishi aka halicce shi. Har azumi muna ci, da abin da muka kai wa maƙwabta.

Dokar jihar ma tana tare da kai. Ohayo na cikin jihohin farko da suka yarda da kurosbo, tun 1976, kuma yau ana amfani da shi a duk tsawon lokacin farautar baka, daga ƙarshen Satumba har farkon Fabrairu. Jihar Wiskonsin kuwa sai a 2014 ta buɗe shi ga kowa. A nan Ohayo, ƙarfin jansa kada ya gaza nauyin fam 75, wanda kusan duk na kasuwa sun zarce haka nesa. Ka nemi lasisin farauta da takardar izinin barewa. Tunda karon farko ne, ko ka yi kwas ɗin maharba ko ka yanki lasisin koyo ka fita tare da mai cikakken lasisi.

Yana da nasa laifin. Akwai nauyi, yana da ƙara, kuma kafin ka sake ɗanawa barewar ta bar unguwar, don haka harbi ɗaya ne naka. Ka kiyaye yatsunka ƙasa da layin tsarkiya, tana iya datse babban yatsa. Madubin kuma kada ya ruɗe ka: har yanzu kibiya ce, ni ba na wuce yadi 35 a kan dabba mai rai.

Kwamfawun, mai ƴan tayoyi a baki biyu, yana da sauƙin ɗauka kuma ba ya ƙara sosai, wannan na ba shi. Nawa yana rataye a gareji. Sai an auna shi daidai tsawon hannunka, sai ka yi watanni kana atisaye kusan kullum, kai kuwa mai aikin dare ne da iyali. Na masu sha'awar wasan ne da lokaci a hannu.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayar da na hannu a intanet, musamman yanzu da kaka ta gabato. Bakan da aka taɓa sakin tsarkiyarsa babu kibiya, hannayen bakan, wato ɓangarorin nan biyu masu lanƙwasawa, kan tsage ta ciki, mai shi ya goge ya ce maka "sau biyu kawai na harba". Ka goga auduga a jikin hannayen. In ta maƙale, akwai tsaga. Wanda ya ce ka tura kafin alƙalami kafin ka ga kaya, rabu da shi. Akwai kuma jabun kawunan kibiya a cikin kwali irin na asali, da araha mai daɗin ji, reza ta lanƙwashe da ta taɓa haƙarƙari, dabba ta tafi da rauni ta mutu a banza. Wannan alhaki ne. Ka je shagon baka na gaske, su bar ka ka gwada kafin ka biya.

Kaifin kan kibiya ya shafi halaccin naman ma. A hadisin Adiyyu ɗan Hatim, abin da makami ya huda da kaifinsa ana ci, wanda ya buge da gefensa ba a ci. Ka ambaci sunan Allah lokacin harbi, in ka tarar da ita da sauran rai ka yanka. In kuma za ka kai wa mahautan da ke gyara naman farauta, ka faɗa musu ƙarara kada su haɗa da kitsen alade, domin da yawansu da shi suke niƙa naman barewa. Ni a gida nake feɗe tawa. In ka samu ta farko ka kira ni, in zo da wuƙaƙe in nuna maka.