Gonar Bakin Kogi: Sama Ko Ƙasa?

Tun da na fara noman rani, abokan kasuwa a nan Kantin Kwari suke ta tambayata: Alhaji, a nemi gona can saman Kogin Kano, ko gangare wajen Haɗejia?

A sama, wajen tsaunukan Riruwai, kogin matsattse ne, ya yanka dutse ya nutse a kwazazzabo. Ruwan na gudu, gaɓa na da tsayi, sai inji ya ja ruwa da wahala, kuɗin mai kuma ya ci riba. Amma ambaliya ba ta cika hawo maka ba.

Ƙasa fa labarin daban ne. Bayan Kogin Challawa ya haɗu da shi, ya wuce Wudil, kogin ya baje, ya yi faɗi, yana lanƙwasa kamar maciji. Inda ya yi kwana, a gefen waje yana cin gaɓa, a gefen ciki yana ajiye yashi da laka. Na ga mangwaro a bakin gaɓa, saiwoyinsa na reto a iska, wata damina babu shi. Don haka duba wane gefen kwanar ake sayar maka! Lakar nan kuwa taki ce kyauta, shinkafa na sonta, ruwa kusa. Sai dai malala a Agusta, ga ciyawar kachala da ke toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗejia zuwa Nguru.

Mai son lambun itatuwa da zai bar wa 'ya'ya, ya hau sama. Mai shinkafa da zai iya jure asarar damina guda, ya gangara.