Shiryayyen labari ko wanda ka rubuta da hannunka

Ƙanena, tsakanin sayen shiryayyen littafin labarin Dungeons & Dragons (D&D, wasan da ake zama a buga labari tare, kowa ya fito a matsayin wani, ana jefa dayis) da rubuta naka na mugun boka da tuggun fada, ni dai na ce rubuta naka. Kuɗin littafin ka sayi dayis da su, canjin a haɗa ataya.

Abin da nake jan wasa da shi a bes ɗinmu, wato majalisarmu, na Aboabo a Kumasi littafin rubutu ne na 'yan makaranta da na saya a kasuwar Kejetia. A shafin farko na jera mutanen fada: sarki tsoho yana jinya, Waziri, Galadima, Magajiya, sarkin dogarai, sai bokan da ke haɗa wa sarki magani. Ƙarƙashin kowane suna layi uku kawai: abin da yake kwaɗayi, abin da yake tsoro, da wanda ya san asirinsa. Ban rubuta ƙarshen labarin ba, 'yan wasa na bar wa.

Akwai daren da aka ɗauke wuta muna tsakiyar zaman fada, muka ci gaba da fitilar waya. Wani abokinmu mai tuƙa pragya, wato keke mai ƙafa uku, wanda ya fito a matsayin fatake mai safarar goro, ya miƙe tsaye yana rantse-rantse cewa Waziri ne ke sa wa sarki guba. Ya kawo hujja a kan hujja har aka tuɓe wa Waziri rawani. Alhali bokan ne ya riƙa ajiye masa hujjojin a hanya, kuma shi ne na farko da ya taya shi murna. Da gaskiya ta fito, shayin ya huce a kofi babu wanda ya kula. Bokan nan bai jefa ko tsafi ɗaya a kansu ba. In ka fito da naka boka filin faɗa tun da wuri, 'yan wasa huɗu za su taru su gama da shi kafin isha'i. Ɓoye shi a bayan mutumin da kowa ke jin nauyinsa.

Ka lura da abu ɗaya a dokokin: akwai sihirin da ke hana mutum yin ƙarya da gangan in yana cikin da'irarsa, amma bai tilasta masa amsawa ba. Don haka bokanka ya iya magana irin ta fadawa, kowace kalma gaskiya, amma ta kai ka daji.

Kayan aiki kuwa a nan Kumasi muke kwana da su. Bayan an sauke sarkin Asante Mensa Bonsu a 1883, Kwaku Dua na biyu ya hau a 1884, ya yi wajen kwana 40 ya rasu, aka shiga rikicin gado har sai da Prempeh na ɗaya ya samu kujera a 1888. Sarautar Asante ta wajen uwa take bi, kuma Asantehemaa, wato Magajiyar Asante, ce ke gabatar da wanda za a naɗa. Ka ba Magajiyarka wannan ikon ka ga yadda kowa zai koma zarya ƙofarta. Tsarin kaɗai za ka ara, sunaye ka ƙirƙiro naka. Kada ka haɗa sunan Manhyia, fadar sarkin Asante, da mugun boka ko da wasa, zaman maƙwabtaka muke yi.

Shiryayyen littafi ina da guda, yana saman wadirob yana shan ƙura. Taswirorinsa na da kyau, ba zan hana shi wannan ba. Amma fadarsa ta Turawa ce, sunayen ma sai an yi ta kokawa da harshe, kuma da 'yan wasa sun kauce daga hanyar da marubucin ya shimfiɗa sai ka koma kame-kame.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu talla a intanet. Wasu sukan buga littafin a shagon fotokofi, su yi masa bango mai ƙyalli, su kira shi na asali. Wasu su ba ka littafin dokoki bugun 2014 a farashin sabon bugun 2024. Wanda ya ce ka tura kuɗi ta waya (MoMo) tukuna kafin ka ga kaya, ka bar shi da kayansa. Ku haɗu da rana a unguwar Adum, ka buɗe tsakiyar littafin ka duba ko hotunan sun dushe. Dayis kuma bakwai ne a saiti, daga mai fuska 4 har mai fuska 20, ka ƙirga a tafin hannunka kafin ka biya.

Dokokin farko kyauta suke a shafin intanet na D&D Beyond, sun ishe ka fara wasa. Ka sanar da dattawan layinku tun farko cewa ba caca ba ce, don suna jin ƙarar dayis a kan benci zancen zai kai gida. In ka jera fadawanka, turo min hoton shafin in nuna maka wanda ya fi dacewa bokan ya fake a bayansa.