Sharhi kan zagayen injinan niƙa na ruwa a Shushtar

Ga 'yan Kaduna masu zuwa Iran, zagayen da 'yan jagora ke shiryawa daga birnin Ahwaz zuwa garin Shushtar ya cancanci kuɗinsa, amma da sharaɗi: a fara da madatsar Mizan. Jagoranmu ya wuce da mu wurin injinan kai tsaye, inda ruwa ke kwararowa daga jikin dutse. Wurin na da kyau ƙwarai, sai dai wanda bai ga inda aka raba ruwan ba, ba zai gane abin da ke juya duwatsun niƙan a zamanin da injinan ke aiki ba.

Mizan ce ke raba Kogin Karun gida biyu: kashi biyu cikin shida su bi magudanar Gargar da aka haƙa da hannu, huɗu su bi Shatit, babban reshen kogin. Can gaba wata madatsa ta tare Gargar, ruwa ya taso ya shiga ramuka uku da aka sassaƙa cikin dutse. Daga nan sai ya faɗa wata rijiya mai ƙuntatacciyar kafa a gindi, ya fito da ƙarfi ya bugi fanka da ke kwance. Sandar fankar ta ratsa dutsen niƙa na ƙasa, ta juya na sama. Babu giyar inji, babu bel. Tsayin faɗuwar ruwan shi ne ƙarfin injin, shi ya sa idan laka ta toshe kafar, dutse kan rage gudu, niƙa ya tsaya.

A fannin tarihi kam jagoran ya yi ƙoƙari. Ana danganta asalin aikin ga Sarkin Farisa Dariyus a ƙarni na 5 kafin Miladiyya. Gadar Band-e Kaisar kuwa, mai tsawon kusan mita 500, ana cewa fursunonin Rum ne suka gina ta bayan Sarkin Farisa Shapur na ɗaya ya kama Sarkin Rum Baleriyan a shekara ta 260 Miladiyya. UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 2009.

Ruwan da ya fito daga wurin injinan yana wucewa ya shayar da kusan hekta 40,000. Manomin rani a bakin Kogin Kaduna, mai sayen fetur kullum don injin ban-ruwa, ya fi kowa sanin darajar wannan.

A je tsakanin Nuwamba da Maris, domin zafin bazara a can yakan haura digiri 45. A sa takalmi mai kama ƙasa, matakalan da ke kusa da ruwa suna da santsi.