Jalatin, agar ko fektin: wanne ya dace da alawar ruwan 'ya'yan itace a zafin Jidda?

Uwargida, kafin ki ɗauko kwalin asir, wato ruwan 'ya'yan itace, a baƙala (kanti), ki fara sanin inda alawar za ta zauna. A firji ne, ko a jakar makaranta? Amsar nan ce za ta zaɓa miki abin daskararwa.

Jalatin ne mai danƙon nan da yara ke so. Daga fata da ƙashin dabba ake samo shi, don haka a duba bayan kwali a tabbatar na saniya ne ko na kifi, da tambarin halal, musamman wanda aka yi oda daga waje ta intanet. Ki sayi mara launi mara ɗanɗano. Jelin kwali ja da kore, sukari da kala ne suka fi yawa a ciki, ba zai yi taurin alawa ba. Ga kofi 1 na ruwan 'ya'yan itace, mililita 240, ana sa jalatin cokali 3 na cin abinci, kimanin giram 25 zuwa 30. A barbaɗa shi kan ruwan tun yana da sanyi, a bar shi minti 5 ya sha ya kumbura, sannan a ɗora a wuta kaɗan-kaɗan har ya narke. In aka zuba garin a ruwan zafi kai tsaye gudaji zai yi, in kuma aka bar shi yana ta tafasa ƙarfinsa ya ragu. Sa'a 2 a firji ta isa.

Aibinsa biyu. Tun wajen digiri 35 yake fara sakin jiki, ranar Makka da Jidda kuwa ta wuce nan nesa. Sannan ɗanyar abarba, gwanda, kiwi, ɓaure da ɗanyar citta suna da sinadarin da ke tsinka furotin, jalatin kuma furotin ne, ko kwana ya yi a firji ba zai kama ba. Maganin shi ne a tafasa ruwansu 'yan mintuna, ya huce tukuna. Ruwan 'ya'yan itace na kwali an riga an dafa shi a masana'anta.

Agar daga ciyawar teku yake, babu zancen yanka. An fi samunsa a shagunan 'yan Indonesiya da Filifin. Shi dole ya tafasa minti 2 zuwa 3, ƙaramin cokali 2 na garin a kofi 1. Yana kamawa tun kafin ya gama hucewa, ba ya narkewa sai wajen digiri 85, abarba ma ba ta hana shi. Sai dai ba ya danƙo, ɓantarewa yake a baki. Tsami mai yawa na raunana shi, don haka lemon tsami sai an sauke. Don makaranta ko tafiyar mota, shi muke ba da shawara.

Fektin daga 'ya'yan itace ake samo shi, mai neman sukari kuma aikin gwanaye ne. Sai sukari ya haura rabin haɗin, ga tsami, ga dafuwa har digiri 106 da ma'aunin zafi a hannu. Wadda ke gudun sukarin alawar kanti ba ta da abin nema a nan.

Ruwan kansa, a ɗauki mai rubutun 100%. Masu rubutun nektar ko sharab a kwali an tsinka su da ruwa, alawar sai ta fito salam. Rumman ɗin garin Ɗa'if, jan inabi da zoɓo mai kauri suna riƙe launi da ɗanɗano. In ruwan bai da ƙarfi, a ƙone kofi 2 ya koma 1.

Mazubi kuwa na silikon mai ƙananan ramuka ya fi, a ɗan shafa masa mai. Faranti ma ya yi, a yanka da wuƙa. In ana son ƙarin danƙo, a baza ta jalatin a buɗe cikin firji kwana 1 ko 2 ta sha iska. Kada a birkiɗa ta a sukari tana da danshi, jiƙewa za ta yi. Babu maganin hana lalacewa a cikinta, don haka ko ta agar ce a firji za ta kwana, a cinye cikin mako guda. Ƙananan yara a yayyanka musu ƙanana saboda shaƙewa, ɗan ƙasa da shekara 1 kuma ba a sa masa zuma.