Littafin Harper Lee da na Mark Twain: Kama da Wane Ba Ta Wane

Wata 'yar'uwa ta tambaya cewa an ba ta aikin kwatanta To Kill a Mockingbird na Harper Lee da Adventures of Huckleberry Finn na Mark Twain a kan jigogi uku: wariyar launin fata, jarumta da rashin laifi. Ita kuwa gani take duk tafiyarsu ɗaya, ga yaro farar fata a kudancin Amurka yana ba da labari, ga baƙar fata da aka zalunta. To me ya rage a kwatanta?

Malama, akwai abin kwatantawa sosai, kuma kusan dukkansa ya rataya ne a kan inda kowane marubuci ya ajiye wariyar. Harper Lee ta ajiye ta a cikin gari, Scout, yarinyar da ke ba da labarin, tana kallonta daga waje. Mark Twain ya dasa ta a ƙirjin Huck, yaron da ke ba da labarin. Idan kika riƙe wannan, sauran zai zo da sauƙi.

Fara da lokaci, don nan ɗalibai ke yawan zamewa. Littafin Twain ya fito a Ingila a 1884, a Amurka kuma 1885, amma labarin ya koma baya da shekara arba'in zuwa hamsin, zamanin da bauta ke halal a dokar ƙasa. Na Lee ya fito a 1960, labarinsa kuma yana tsakanin 1933 da 1935 a Maycomb, garin da ta ƙirƙira a jihar Alabama, shekara kusan saba'in bayan soke bauta a 1865. Saboda haka Jim, bawan da ya gudu tare da Huck a littafin Twain, dukiya ne a idon doka, an ma yi masa kuɗi dala 800. Tom Robinson kuwa, baƙar fatar da aka zalunta a littafin Lee, ɗa ne a takarda, yana da lauya, an kai shi kotu. Zaluncin da aka yi wa Jim bin doka ne, wanda aka yi wa Tom kuwa take doka ne.

Dubi shari'ar Tom, babi na 17 zuwa na 21. An zarge shi da yi wa Mayella Ewell fyaɗe. Raunukanta a ɓangaren dama na fuska suke, alamar bahago ne ya doke ta. Hannun hagun Tom ya shanye tun yana yaro, injin gurzar auduga ya cinye shi. Uban yarinyar, Bob Ewell, shi ne bahago, an kuma sa shi ya rubuta sunansa a gaban kowa. Duk da haka mutum goma sha biyun da ke yanke hukunci, dukkansu farare, suka ce ya aikata. Abin da ya fi cin Tom ma ba shaida ba ce: da aka tambaye shi dalilin da yake taya Mayella aiki kyauta, sai ya ce tausayinta yake ji. Baƙar fata ya ji tausayin farar mace! Wannan kalma ɗaya ta fi zargin kansa zafi a kunnen mutanen garin. Scout tana zaune a benen baƙaƙe tana kallo, mu ma muna kallo tare da ita, kuma babu inda aka bar mu cikin shakkar wane ne mai gaskiya.

Huck ba shi da wannan gatan. Shi ya yarda ɗari bisa ɗari cewa taimakon bawa ya gudu sata ce kuma zunubi ne, don abin da aka koya masa ke nan. Duk lokacin da ya yi wa Jim alheri, zuciyarsa zarginsa take yi. Twain da gatse yake aiki: yaron yana faɗin abu da zuciya ɗaya, mai karatu ne zai gane karkatarsa. A babi na 32 Huck ya shirga ƙaryar cewa injin jirgin ruwa ya fashe. Matar gidan da ya sauka, mutuniyar kirki mai son baƙi, ta tambaya ko wani ya ji ciwo. Ya ce a'a, baƙar fata ɗaya ne dai ya mutu. Ta ce an yi sa'a, don wani lokaci mutane kan ji ciwo. Babu wanda ya tsaya yin sharhi, labari ya wuce abinsa. Wanda ya karanta Twain bai lura da gatse ba zai ɗora wa marubucin ra'ayin taurarinsa, kuma wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa.

A batun jarumta, Lee fassara ta take yi ƙarara. A babi na 10 Atticus, mahaifin Scout kuma lauyan Tom, ya kashe mahaukacin kare da harsashi ɗaya, yaransa suka sha mamaki. Nan take a babi na 11 ta rushe wannan hoton da tsohuwa Dubose, mai baƙin baki, wadda ta ƙudurta sai ta rabu da jarabar maganin mofin kafin ta mutu. Jem, yayan Scout, yana yi mata karatu, ita kuma kullum tana ƙara jinkirta ƙararrawar agogo don ta tsawaita lokacin da za ta jure. Atticus ya nuna wa ɗansa cewa jarumta ita ce ka san an ci ka tun kafin ka fara, ka fara ɗin kuma ka kai ƙarshe. Shari'ar Tom ke nan a taƙaice. Ki kula, Atticus bai nemi shari'ar da kansa ba, alƙali Taylor ne ya naɗa shi. Abin da ya fusata gari shi ne ya ɗauki kariyar da gaske.

Ta Huck tana babi na 31, kuma ba mai kallo. An sayar da Jim a dala 40. Huck ya rubuta wa uwargijiyar Jim, Miss Watson, wasiƙar da ke faɗin inda yake, ya ji sakayau kamar an wanke masa zunubi. Sai ya tuna dararen da Jim ke karɓar masa gadi don ya samu barci. Ya riƙe takardar hannunsa na rawa, ya yayyage ta, ya yarda ya shiga wuta. Atticus ya san yana kan daidai, gari ne ya ɓata. Huck ya yi daidai alhali yana da yaƙinin ɓata ya yi. A ganina ta Huck ta fi nauyi, ko da yake ta Atticus ta fi sauƙin rubutawa a jarrabawa.

Rashin laifi kuma ki raba shi biyu, kada ki cakuɗa. Akwai na wanda bai aikata komai ba, wato Tom da Boo Radley, maƙwabcin su Scout da ba ya fita daga gida, waɗanda tsuntsun sunan littafin ke wakilta, tsuntsun da ba ya ɓarna sai waƙa. Akwai kuma ƙuruciya, rashin sanin duniya. A babi na 15 gungun mutane suka je gidan yari da dare don su kashe Tom. Scout ba ta gane abin da ya kawo su ba, ta hango wani mai suna Cunningham a cikinsu ta gaishe shi, ta ce ya gaida ɗansa Walter, ɗan ajinsu. Kunya ta kama mutumin, ya janye jama'arsa. Huck ba shi da irin wannan ƙuruciyar. Ubansa mashayi ne mai duka, yaron kuma ya ƙware a ƙarya: da ƙaryar cutar agana ya kori masu farautar bayi a babi na 16. Abin da ya rage masa shi ne zuciyar da tarbiyyar garinsu ba ta gama lalatawa ba.

Kada ki rufe ido ga raunin kowanne, shi ke ƙara wa rubutu daraja. Lee ba ta bar Tom ya yi magana sosai ba. Labarin mutuwarsa, harsashi goma sha bakwai a gidan yari, daga bakin Atticus muka ji shi. Jim ya fi samun baki, musamman a babi na 23 inda yake nadamar marin 'yarsa kafin ya gane zazzaɓi ya kurmantar da ita. Amma a babobi kusan goma na ƙarshe Tom Sawyer, abokin Huck, ya mai da kuɓutar da Jim wasan yara, alhali ya san Miss Watson ta riga ta 'yanta shi a wasiyyarta. Wasu manazarta na ganin Twain ya ɓata rawarsa da tsalle. Wasu kuma na ganin habaici ne ga halin da 'yantattun bayi suka shiga bayan 1877, lokacin da gwamnatin tarayya ta daina kare su a kudu, ga 'yanci a takarda, ga sarƙa a ƙafa. Zaɓi ɗaya ki kafa hujja da babi.

In za ki karanta su a jere, fara da Lee: babi 31 ne, harshensa miƙaƙƙe. Na Twain babi 43 ne, da karin harsuna iri-iri da ke wahalar da mai koyon Turanci, ga kalmar zagin baƙar fata da ta fito fiye da sau ɗari biyu. In ɗalibai za ki karantar, yi musu bayanin kalmar tun kafin a buɗe shafin farko.